Filin Tambayoyin Masu Karatu: Wankan Kare a Kan Hanya, Ga Ruwa Ƙalilan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin haƙar rijiyoyin foraj ne, ina zaune a unguwar Zango cikin birnin Damagaram, aikina kuma yakan kai ni ƙauyukan Tanut da Gure da Magarya, inda nakan yi mako biyu ko uku ban ga gida ba. Bara na sayi tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, da tankin ruwa mai cin lita 100. Ina tafiya da kare guda wanda ke gadin kayan aiki da dare. Watan jiya warinsa ya dame ni, sai na shigar da shi banɗakin motar na yi masa wanka da omo. Ruwan tanki ya kusa ƙarewa, magudanar ta toshe, shi kuma ya kwana uku yana susa. Yaya ya kamata in yi? Sannan tufafin da ruwan wankansa ya fantsama musu, zan iya salla da su? Daga mai karatunku a Zango.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da zan ce maka shi ne ka daina shigar da karen nan banɗakin mota, domin ba don irin wannan aiki aka ƙera shi ba. Ruwan da ka yi wanka da shi ba ƙasa yake zuba kai tsaye ba, yana bin wani siririn bututu ne zuwa tanki na biyu da ke ƙarƙashin motar, inda ruwan datti ke taruwa, kuma idan gashin kare ya haɗu da yashi da kumfar sabulu a cikin wannan bututu sai su dunƙule su zama kamar ɗan ƙullin tsumma. Famfon irin waɗannan motoci kuma yakan tura wajen lita 7 zuwa 10 a minti ɗaya, saboda haka minti goma na kokawa da kare sun isa su cinye maka kusan duk abin da ka tanada don sha da girki da alwala. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana wa'azi a kan darajar ruwa ba, tunda mun taso muna ganin layin bidodi a bakin famfo tun kafin asuba. Game da toshewar, ka ɗaga ɗan murfin rariyar, ka lanƙwasa waya ka jawo gashin, sannan ka bi shi da ruwan ɗumi. Kada ka zuba soda mai ƙarfi, tana iya cinye robobin da ke haɗa bututun.

Yawancin abin da kake nema daga wanka, buroshi ne zai ba ka shi. Karnukanmu na Sahel, musamman irin dogayen nan na farauta masu siririn ciki, gajeren gashi gare su, kuma wanka ɗaya a wata ya wadatar da su, sai fa idan kare ya yi birgima a kan mushe ko kashin dabbobi, wanda ɗabi'arsu ce da ba a raba su da ita. Kowace yamma ka ɗauki minti biyar ka taje shi da buroshi daga wuya zuwa wutsiya, ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka duba tsakanin yatsunsa da hammatarsa, domin a daji irin na Tanut da Gure ƙarangiya ce babbar abokiyar gabarsa: tana maƙalewa a nan, ya yi ta lasa da cizo har wurin ya zama gyambo. Ina kuma zargin cewa rabin warin da ya dame ka daga shimfiɗarsa yake fitowa. Buhu ko tsohuwar tabarmar da yake kwana a kai, ka riƙa kakkaɓe ta kana shanya ta a rana kullum, ka wanke ta duk mako.

Susar da ya yi ta kwana uku kuwa, omo ne sila. Fatar kare ta fi ta mutum taushi, kuma akwai wani ɗan maiƙo a kanta wanda ke kare ta daga bushewa. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, shi ya sa ya kwashe wannan kariya gaba ɗaya, ragowarsa da ba ta fita ba kuma ta ci gaba da cin fatar. Sabulun salo ma yana da kaifi a gare shi. Ka nemi sabulun ruwa na karnuka a shagon sayar da magungunan dabbobi kafin ka bar gari. Idan bai samu ba, ɗan kaɗan daga sabulun jarirai zai yi sau ɗaya, ruwa zalla ma ya fi omo. Akwai kuma abubuwan da nake jin ana shafa wa karnuka don kashe kaska ko ƙazuwa, wato kananzir da baƙin mai da fiya-fiya. Dukkansu guba ne, suna shiga jiki ta fata, kare kuma yana lasar jikinsa, an sha rasa karnuka ta wannan hanya.

Ga yadda za ka yi wankan da lita 10, ƙasa da rabin bido mai lita 25. Ka zaɓi inuwa a gefen mota, ka shimfiɗa leda mai kauri ko tabarmar roba don kada ƙasa ta zama taɓo a ƙarƙashinsa, ka ɗaure shi da gajeriyar igiya. Ka fara taje shi a bushe, saboda yashin da buroshi ya fitar ba zai ci maka ruwa ba. Daga nan ka jiƙa shi da buta, wadda ta fi moɗa tsimi domin bakinta siriri ne, lita biyu sun isa. Ka dama sabulun a cikin ɗan ruwa tukuna kafin ka shafa masa, daga wuya zuwa baya, zuwa ciki da ƙafafu. Kan karen ka bar shi sai ƙarshe, ka goge shi da tsumma kawai, domin da zarar ruwa ya taɓa kan kare sai ya girgije, kuma ruwan da ya kwanta a cikin kunne yana jawo ciwon kunne mai wari. Ragowar lita bakwai ko takwas duk na ɗauraya ne, a nan ne bai kamata ka yi rowa ba: ka ci gaba da zubawa kana murzawa da hannu har sai ka ji santsi ya bar gashin.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yankinmu, bidon da ya yini a rana ruwansa yana iya ƙona fata, saboda haka ka gwada shi a bayan hannunka, ka yi wankan da hantsi ko bayan la'asar. A hunturu kuwa, Disamba da Janairu, sai rana ta take, domin kare mai gajeren gashi yana jin sanyi sosai idan iska ta buge shi a jiƙe. Ka tsane shi da tsohon tawul, ka bar shi a ɗaure a kan ledar har ya bushe. Idan ka kwance shi da wuri, kafin ka juya ya yi birgima a yashi, aikinka ya koma baya. Ba sai na gaya wa mai haƙar rijiya cewa ruwan sabulu ba ya kusantar bakin rijiya ba. Tafki ma ka guje shi, ko da damina ta cika shi: mutane da dabbobi suna sha, kai kuma da za ka tsunduma ƙafa a ciki kana iya ɗaukar tsargiya.

Lokacin wanka ne ya fi dacewa ka nemi kaska, a cikin kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu. Ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, kada ka matse cikinta. Wannan ya shafe ka fiye da sauran masu karnuka, domin jar kaskar kare tana iya rayuwa a cikin ɗaki, mace ɗaya kuma tana zuba ƙwai dubbai a cikin tsaga, motarka ko cike take da tsagogi a bayan gado da akwatuna. Idan likitan dabbobi ya ba ka maganin da ake ɗigawa a ƙeya, kada ka yi wa karen wanka kwana biyu kafin ɗigawa da kwana biyu bayanta. Ka kuma kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafin haukan kare, tunda yana cuɗanya da karnukan ƙauye.

Batun salla kuma, a mazhabar Imam Malik, wadda akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa su ne najasa, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Malaman Shafi'iyya sun tsananta fiye da haka, suna ɗaukarsa najasa mai kauri. Tunda kare da ke kwana a daji ba ka san abin da ya taka ko ya kwanta a kai ba, ka ware tsohuwar riga da wando na wankansa, ka ware masa kwanon shan ruwa da butarsa daban da ta alwalarka, ka ajiye su duka a akwatin kayan aiki da ke wajen ɗakin.