Kwana 181 a Wajen Birtaniya: Shin Izinin Zama na Dindindin Ya Kuɓuce Mini?

Barista, assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a arewacin Ingila. An buga mini bizar ƙwararrun ma'aikata a Fabrairun 2021, na shigo ƙasar bayan mako uku. A 2022 aka ƙwace lasisin gidan kula da tsofaffin da ya ɗauko ni, na koma wani asibitin gwamnati, har yau a can nake. A Oktoban 2023 ciwon mahaifina ya tsananta, na tafi Kano jinya. Allah ya karɓi abinsa a Janairu, ban dawo ba sai Fabrairun 2024, kwana 128 ke nan. A Yunin 2024 na je Hajji na yi kwana 24, a Agusta kuma na koma gida rabon gado na yi kwana 35. Abokan aikina sun ce kada in damu, tunda babu shekarar da na kai kwana 180 a waje. Matata da 'ya'yanmu biyu sun iso a ƙarshen 2022, an kuma haifa mana ta uku a nan. Na kusa cika shekara biyar. Zan iya neman izinin zama na dindindin, kuma tare da iyalina?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ka yi masa ta zame maka haske.

Abokan aikinka sun faɗa maka abin da suka sani ne da zuciya ɗaya, amma lissafinsu ba shi ne na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ba. Su daga Janairu zuwa Disamba suke ƙirgawa, shi ya sa suka ga 2023 ba ta kai ba, 2024 ma ba ta kai ba. Ita kuwa ƙa'idar cewa ta yi kada ka wuce kwana 180 a wajen ƙasar a cikin kowane wata 12 a jere, ko daga wace rana aka soma ƙirgar. Jami'in da zai duba takardarka yana iya ɗora yatsansa a ranar da ka tashi zuwa Kano a Oktoban 2023, ya ja shi zuwa Oktoban 2024. Duka tafiye-tafiyenka uku sun faɗa cikin wannan tazarar: 128 da 24 da 35, jimla 187.

Akwai ɗan rangwame. Cikakkun kwanaki kawai ake ƙirgawa, ranar da ka fita da ranar da ka dawo ba sa shiga. Idan da su ka haɗa a lissafinka, kamar yadda yawancin mutane ke yi, to cire biyu daga kowace tafiya, shida ke nan, saura 181. Kwana ɗaya tak ka ɗara. Na san jin wannan da ciwo, amma doka ba ta san "saura ƙiris" ba, kuma ba na son ka zuba kuɗinka kana zaton ba za a lura ba. Kamfanonin jiragen sama suna miƙa wa hukuma bayanan shiga da fitar fasinjoji, don haka ranakun suna gabansu kafin ma ka rubuta.

To amma ƙofa ba ta rufe ba. Ƙa'idar zaman da bai yanke ba ta ware wasu dalilai da idan su ne suka fitar da mutum, ba a ƙirga kwanakin. Akwai annoba ko yaƙi ko wani bala'in da ya tsayar da zirga-zirga, akwai aikin agajin gaggawa, sannan akwai wanda ya shafe ka kai tsaye: larura mai ƙarfi ta tausayi, kamar ciwon da ke barazana ga rayuwar mai nema, ko irin wannan ciwon ko rasuwar makusancin dangi. Mahaifi yana sahun gaba a makusanta. Idan aka karɓi uzurinka, kwanakin jinya da rasuwar za su fita daga lissafi, sai ka dawo ƙasa da 180 nesa ba kusa ba. Hajji da rabon gado kuwa kada ka jingina da su, ba sa cikin abin da aka ambata, kuma ba ka ma buƙatar su.

A nan aikin yake, domin wannan rangwamen da hujja ake samunsa, ba da labari ba. Mu a gida mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ana gama sadakar uku kowa ya kama gabansa, ba wanda ke tuna wata takarda. Sai irin wannan ranar ake nemanta. Tun yau ka sa wani ɗan'uwanka a Kano ya je asibitin da Baba ya kwanta, ya karɓo rahoton likita mai nuna sunan cutar, ranar da aka kwantar da shi, da cewa ciwon na ajali ne ko mai haɗari ga rai. Ya karɓo takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ka nemo takardar haihuwarka wadda sunan mahaifinka ke kai, domin jami'in da ke zaune a Ingila ba shi da hanyar sanin cewa marigayin mahaifinka ne in ba takarda ta nuna ba. Idan an rubuta sunan ta hanyoyi biyu, a nan Muhammadu a can Mamman, a yi rantsuwar kotu a daidaita. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci sai an haɗa ta da fassarar mai fassara da ya sa hannu ya rubuta adireshinsa. Sannan ka rubuta wasiƙa gajera, shafi ɗaya ya isa: ranar da aka kira ka, ranar da ka tashi, dalilin da ya sa kai ne ka zauna jinyar, ranar rasuwa, da abin da ya riƙe ka makonnin da suka biyo baya. Kada ka ƙawata, kada ka rage. Kuma ina roƙonka, in wata takarda ta gagara samuwa, kada ka yarda wani ya ce zai "haɗa" maka ita a bakin asibiti. Takardar jabu ɗaya tana iya jawo a ƙi ka, a kuma haramta maka biza har shekara 10. Gara hujja kaɗan ta gaskiya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya tsaya mini a rai. Wata huɗu ya fi ƙarfin hutun shekara na kowane nas, don haka ina kyautata zaton wani ɓangare na zamanka a Kano hutu ne ba albashi. Ƙa'idar masu ɗaukar nauyin ma'aikata ta ce idan ma'aikaci ya haura mako huɗu a shekara ba ya aiki kuma ba a biyansa, wajibi ne a sanar da hukuma, kuma a bisa al'ada a daina ɗaukar nauyinsa sai in akwai dalili karɓaɓɓe. Tunda har yau kana aiki, alama ce asibitin ya tsaya maka. Duk da haka ka je ofishin kula da ma'aikata ka tambayi abin da suka rubuta wa hukuma a lokacin, ka kuma nemi wasiƙar da ke cewa da izininsu ka tafi. Abin da suka faɗa da abin da za ka faɗa su zo ɗaya.

Batun ƙwace lasisin gidan tsofaffin bai dame ni sosai ba. Idan hakan ta faru, hukuma kan aiko da wasiƙa ta rage bizar mutum zuwa kwana 60. Muddin ka shigar da takardar sabuwar bizarka kafin wa'adin ya cika, zamanka bai yanke ba, kuma sauya wurin aiki ba ya mayar da ƙirgar shekara biyar baya. Ka dai nemo wasiƙar ka gwada ranakun da idonka.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne a wurinka. Shekarunka biyar suna iya somawa daga ranar da bizar farko ta fara aiki, ba sai ranar da ka sauka ba, kuma an yarda ka shigar da takarda kwana 28 kafin su cika, amma ko da kwana ɗaya ka riga wannan wa'adin ana iya ƙin ka. Asibitin zai ba ka wasiƙa cewa har yanzu yana buƙatarka kuma zai ci gaba da biyanka albashin da doka ta gindaya. Za ka ji ana ambaton fam 41,700 a shekara, wanda shi ne mizanin gama-gari tun Yulin 2025. Kada ya tsorata ka, ma'aikatan jinya da tsarin albashin ƙasa na ma'aikatan lafiya ake auna su. Turanci ka riga ka gwada shi tun neman bizar farko. Jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya ce ta rage: tambaya 24 cikin minti 45, sai ka ci 18, kuɗinta fam 50. Ka yi ta yanzu, sakamakonta ba ya tsufa. Kuɗin takardar kanta a 2025 fam 3,029 ne ga kowane mutum ɗaya, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. A fom ɗin za a tambaye ka laifuffuka, har na tuƙi. Ka faɗi duk abin da ya taɓa faruwa, domin ɓoyewar ta fi laifin kansa illa.

Iyali kuwa, sai dai haƙuri, ba za ku samu rana ɗaya ba. Uwargida tana da nata agogon: sai ta cika shekara biyar a matsayin matarka da ke ƙarƙashin bizarka, wato ƙarshen 2027, da nata lissafin kwana 180, da tata jarrabawar, da shaidar Turanci. Kafin nan za ta sabunta bizarta ta iyali, wadda ake bayarwa ta shekara uku idan miji ya riga ya samu zama na dindindin. 'Ya'yan biyu da aka haifa a gida ba a neman su cika shekara biyar, amma ƙa'ida ta ce sai iyaye biyun duk sun samu, ko suna samu a lokaci guda, don haka mahaifiyarsu za su jira. Ita autar da aka haifa a nan lamarinta daban ne. Haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta ba ta zama 'yar ƙasa ba, amma a ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta 1981, da zarar ɗaya daga cikin iyayenta ya samu izinin dindindin tana da haƙƙin a yi mata rajista. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Yanzu ga zaɓin da ke gabanka. Kana iya jira har sai tafiyar Kano ta fita daga cikin shekaru biyar ɗin da za a duba, ka nema ba tare da roƙon wani uzuri ba, amma hakan zai kai ka farkon 2029. Ko kuma ka nema da zarar ƙofarka ta buɗe, ka ɗora da hujjar rasuwa. Ni na biyun nake ba ka shawara, kuma ba da sanyin jiki ba. A Mayun 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta mayar da wa'adin daga shekara biyar zuwa goma. A Nuwamban 2025 ministar cikin gida Shabana Mahmood ta gabatar da cikakken tsarin: goma ga yawancin mutane, har 15 ga masu ayyuka irin na kula da tsofaffi, da rangwame ga likitoci da ma'aikatan jinya na gwamnati, kuma da nufin ya shafi har waɗanda suke cikin ƙasar ba su kai ga samu ba. Ko da kai rangwamen ya rufa maka asiri, matarka da 'ya'yanka a kanka suke rataye, kuma mai jira har 2029 da dokar 2029 za a yi masa hukunci. Idan aka sauya ƙa'ida, yawanci takardun da aka riga aka shigar da tsohuwar ake duba su. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada ka yi jinkiri.

Idan aka ƙi, ba ka da cikakken ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Abin da kake da shi shi ne neman wani jami'in ya sake dubawa, cikin kwana 14, kuma kuskuren jami'in farko yake dubawa, ba kasafai yake karɓar sabuwar hujja ba. Ka ga ke nan komai sai ya shiga tun karon farko. Shi ya sa nake son ka nemi tarihin shige da ficenka daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kafin ka cike fom. Haƙƙinka ne, kyauta ne, yakan ɗauki kusan wata ɗaya. Ka ajiye shi gefen fasfonka da tikitocinka, ka bi layi-layi da biro.

Bayan ka shigar da takarda, ka zauna. Amsa tana iya ɗaukar wata shida, ko da yake akwai ta gaggawa ga mai iya ƙara kuɗi. Idan bizarka ta ƙare kana jira, doka ta tsawaita maka ita da duk sharuɗɗanta, ka ci gaba da aikinka. Amma idan ka fita daga Birtaniya da Ailan da 'yan tsibiran da ke haɗe da su kafin amsa ta zo, ana ɗauka ka janye takardarka. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya tafi Umra ta kwana goma a cikin azumi yana tsakiyar jira. Da ya nuna mini saƙon a wayarsa, layi biyu ne kacal, hannunsa na rawa. Ka gaya wa mutanen gida tun yanzu cewa akwai watannin da ko biki ko suna ba za su gan ka ba.

Takarda irin taka, mai buƙatar a yi wa jami'i bayanin uzuri, ta cancanci a biya lauya ya duba ta kafin a tura. Ka tabbatar lauya ne mai lasisin aiki a Ingila, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar da ke sa ido kan masu shawarar shige da fice. Ba da irin wannan shawara ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasar. Duk wanda ka je wurinsa ka nemi lambar rajistarsa ka duba ta a intanet kafin ka miƙa masa fasfo ko ko sisi, kuma ka tafi da rahoton asibitin Kano a hannunka tun zaman farko.