Tambayi Likita: Doguwar Tafiyar Ƙasa da Abin da Take Yi wa Jiki

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan tafiyar ƙasa mai nisa suka tsaya: masu tattaki daga gari zuwa gari, maniyyata aikin Hajji, da ɗalibanmu na waje da suka ga Turawa suna saɓa jaka su kama hanya wata da watanni. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Sifaniya. Abokan karatuna suna shirin bin hanyar Santiyago da ƙafa, suna ta cewa tafiyar tana canza rayuwar mutum. Akwai gaskiya a ciki ta fuskar lafiya, ko daɗin baki ne?

Amsa: Akwai gaskiya, amma ba yadda ake kururuta ta ba. Hanyar da aka fi bi, wadda ta taso daga kan iyakar Faransa zuwa birnin Santiyago da ke arewa maso yammacin Sifaniya, ta kai kusan kilomita 780, kuma yawanci ana cin ta ne cikin wata guda da 'yan kwanaki, kilomita 20 zuwa 25 a rana. Wanda ya yi wata a haka, jikinsa zai nuna. Bugun zuciyarsa a lokacin hutu yana raguwa, tsokar ƙafa tana ƙara zuƙe sukari daga jini, hawan jini yakan ɗan sauka, teɓa ta ragu. Barci ma yana gyaruwa, domin wuni a cikin hasken rana da kwanciya da wuri suna daidaita lokacin barcin mutum. Ta ɓangaren tunani kuma, motsa jiki a kai a kai yana rage damuwa da ƙuncin zuciya marar tsanani, wannan likitoci ba sa musu a kansa.

Sai dai ribar ba ta zama sai da riƙo. Idan ka dawo ka miƙe ƙafa, cikin 'yan makonni jiki zai fara komawa gidan jiya. Waɗanda tafiyar ta canza wa rayuwa da gaske su ne waɗanda suka dawo suka ci gaba da tafiyar ƙasa a unguwarsu, ko da gwargwadon abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ne, wato minti 150 zuwa 300 a mako. In za ka bi su, ka fara atisaye wata biyu zuwa uku kafin tafiya, kana ƙara nisan kaɗan-kaɗan kowane mako, kuma kada jakarka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinka. Wanda kuma yake shan maganin ciwon damuwa kada ya ajiye shi da sunan tafiya za ta warkar da shi, sai ya ga likitansa.

Tambaya: Na sayi sabon kambas don tattakin kwana huɗu. In adana shi sai ranar tafiya?

Amsa: A'a, ka fara sa shi yau, kullum, na aƙalla mako biyu. Ya kuma zama ya ɗara ƙafarka da faɗin babban yatsa a gaba, don ƙafa tana kumbura a hanya. Silifas ɗin roba na wanka ne, ba na tattaki ba.

Tambaya: Likita, bororo ya fito mini a dunduniya da ƙasan yatsu. Abokan tafiya sun ce in fasa da ƙaya in zuba fetur ko toka, zai bushe nan take.

Amsa: Fetur ƙona fata yake yi, toka da ƙaya kuma hanyar shigar ƙwayoyin cuta ce, har da na ciwon sandarewar jiki. Ban san wa ya fara koya wa mutane wannan ba. Ƙaramin bororo a bar shi, a rufe da filasta. Babba mai hana taka ƙasa, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a huda gefensa da sabuwar allurar sirinji, a matse ruwan, a bar fatar saman a wurinta domin ita ce murfin ciwon, a shafa ayodin a ɗaure. Rigakafinsa ya fi sauƙi: da ka ji wuri ya fara zafi-zafi, tsaya ka manna filasta tun bai taru ba, ka shafa basilin tsakanin yatsu, ka canza safa idan ta jiƙe da gumi. Idan ka ga ruwan ya zama mugunya, ko ja yana hawa ƙafa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti. Mai ciwon suga kuwa kada ya huda da kansa ko kaɗan.

Tambaya: Likita, ƙanena mai shekara 24 ya yi tattaki daga Kano zuwa Zariya da abokansa cikin kwana uku. Ya ce kowace safiya yakan haɗiyi tiramadol ɗaya da diklofenak biyu don kada ya ji gajiya. Tun da ya dawo cinyoyinsa sun kumbura, fitsarinsa ya yi duhu irin na baƙin shayi, kuma ɗan kaɗan yake yi. Kakarmu ta ce shawara ce, an jiƙa masa sassaƙe. Mu ci gaba da ba shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ku ajiye jiƙon nan ku kai shi babban asibiti yau ɗin nan, kada ku jira gobe. Ki gama karanta sauran bayanin a hanya.

Abin da nake tsoro shi ne narkewar tsoka. Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, wato ya riƙa cin kusan 50 a rana, ninki biyu na abin da masu bin hanyar Santiyago ke yi, ga rana, ga ƙarancin ruwa. Idan aka tilasta wa tsoka aiki fiye da ƙarfinta, ƙwayoyinta suna fashewa, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini. Daga ciki akwai wani jan sinadari da ke riƙe wa tsoka iskar numfashi. Shi ne yake bin jini har ƙoda ya rina fitsari, kuma shi ne yake toshe siraran hanyoyin da ƙoda ke tace jini da su, kamar yadda dusa ke toshe rariya. Raguwar fitsarin da kika ambata ita ta fi tayar mini da hankali, domin alama ce ta cewa ƙodar ta fara gazawa. Tsokar da ta fashe tana kuma sakin sinadarin fotasiyam, wanda idan ya taru ƙoda ba ta fitar da shi ba yana iya tsayar da zuciya ba tare da wani gargaɗi ba.

Ƙwayoyin da ya sha kowace da irin ɓarnar da ta yi. Tiramadol ba ya ƙara wa mutum ƙarfi ko ƙwayar zarra. Ciwon da ya kamata ya tsayar da shi a rana ta farko ne ya daina ji, sai ya ci gaba da taka tsokar da ta riga ta ji rauni. Yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman mai ƙarfin miligiram 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye, alhali wanda aka amince da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100, shi ma sai da takardar likita. Diklofenak kuwa, da 'yan'uwansa irin su ibufurofen da Feldene, suna toshe wata dabara da jiki ke amfani da ita wajen buɗe jijiyoyin ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci. Mutumin da ya ƙoshi da ruwa yana zaune a gida zai iya sha na 'yan kwanaki lafiya lau. Wanda ya wuni a rana gumi ya tsotse shi, jinin da ke isa ƙodarsa dama ya ragu, sai maganin ya ƙara rage shi. Ga kuma gyambon ciki idan ana sha ba abinci.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wannan ya zama ruwan dare. Matashi zai tsaya a kemis ya ce "a haɗa mini na gajiya", a ƙulla masa ƙwaya biyar ko shida masu launi daban-daban a leda, bai san sunan ko ɗaya ba, sau da yawa biyu daga ciki aikinsu ɗaya ne. Ya watsa a baki, ya kora da lemon kwalba, ya kama hanya. Gajiya ba cuta ba ce da za a nema mata ƙwaya. Maganinta hutu ne da ruwa da abinci.

Game da maganar Kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta yi nisa da gaskiya ba ta wani ɓangaren: ciwon hanta yana duhunta fitsari, haka ma maleriya mai tsanani, haka tsargiya ga wanda ya shiga kududdufi, ko da yake ita jini take kawowa a ƙarshen fitsari. Amma ba mai iya bambance su da ido, kuma babu ko ɗaya da sassaƙe ke warkarwa. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin kaya ne a kan ƙodar da take neman faɗuwa.

A asibiti ku faɗi gaskiyar duk abin da ya sha, har tiramadol ɗin, kada kunya ta sa ku ɓoye. Za a duba fitsari, a auna aikin ƙoda da fotasiyam, da gwajin raunin tsoka da ake kira CK inda akwai shi, sannan a sa masa ƙarin ruwa ana auna fitsarin da yake fitarwa. Idan an zo da wuri, yawancin ƙoda tana farfaɗowa sarai. Jinkiri shi ke kai mutum ga wankin ƙoda, kuma kun san abin da wannan ke ci. Abokan tafiyar tasa ma a tambaye su launin fitsarinsu.

Ga sauran matafiya: idan ciwon jiki ya matsa, farasitamol mai miligiram 500 guda biyu, tazarar awa shida, kada a wuce guda takwas a kwana ɗaya. Ciwon da wannan bai kwantar ba, tsayawa yake nema. Haka ciwon da ya tsaya a wuri guda a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya: yana iya zama tsagewar ƙashi, sai an ɗauki hoto.

Tambaya: Wai gaskiya ne shan ruwa a hanya yana sa ƙafa nauyi?

Amsa: Ƙarya ce, kuma mai kisa. Mai tafiya a zafin Maris ko Afrilu yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi, ka duba fitsarinka: mai haske ya yi, mai duhu ƙari yake nema. Tsurar ruwa kaɗai ma bai isa ba idan tafiyar ta wuni ce, domin gishiri na fita tare da gumi. A haɗa da ruwan gishiri da sukari, ko na fakiti, ko a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dabino su zauna a aljihu. A fita da asuba, a fake daga ƙarfe 11 zuwa la'asar. Idan abokin tafiya ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi jikinsa rau da zafi, bugun rana ne. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Tambaya: Likita, shekarata 58, ina da ciwon suga, bana nake sa ran sauke farali. An ce akwai tafiya sosai. Yaya zan shirya?

Amsa: Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Hajiya. Akwai tafiya kam: sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa daga Mina. Ki fara da minti 15 bayan sallar asuba, ki riƙa ƙara minti biyar kowane mako har ki kai awa ɗaya. Kafin nan ki ga likitanki, domin tafiya tana sauke suga, wataƙila sai an rage miki magani ko insulin. Ki riƙe dabino ko alewa saboda rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri. Kowane dare ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu, da madubi in ya kama, don ciwon suga yana dakushe jin ƙafa, ana iya jin rauni ba a sani ba. Kada ki taka ƙasa mai zafi ba takalmi. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a lokacin atisaye, ki tsaya ki je asibiti ranar.

Tambaya: Ina da sikila. Zan iya bin abokaina tattakin kwana biyu?

Amsa: Ban ba ka shawara ba. Ƙishirwa, zafi da gajiya suna cikin manyan masu tayar da ciwon. Tafiyar rabin awa da sanyin safiya ta ishe ka.

Tambaya: Idan maciji ya sari mutum a daji, nesa da gari, a ɗaure ƙafar a tsaga?

Amsa: Kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutsen nan ma ba ya zuƙe komai. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa ƙara zubar jini ne kawai. A cire zobe ko abin da zai matse, a ɗora wa ƙafar karan tsage don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar makarin dafi, irin na Kaltungo a jihar Gwambe. Ko da ya ce ba ya jin komai a kai shi, domin zubar jinin yakan bayyana bayan awanni.

Tambaya: Na dawo daga tafiyar mako uku, amma tun da na dawo komai ya fita raina, ga ci kamar me. Lafiya kuwa?

Amsa: Yana faruwa da matafiya da yawa. Jiki ya saba da ƙona abinci mai yawa, yunwar ba ta sauka da wuri, shi ya sa nauyi ke dawowa da sauri. Ka rage tuwo da lemon kwalba, ka ci gaba da tafiyar minti 30 zuwa 45 kullum, ka nemi abokan tafiyarka ku riƙa fita tare ko da ƙarshen mako ne. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ko ya hana ka barci da aiki, ka ga likita. In kuwa tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira mako biyun, ka faɗa wa wani na kusa da kai ku je asibiti a ranar.