Tambaya da Amsa: Na buge mutum da mota, inshora za ta biya kuɗin asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tudun Wada nake rubuto maka. Sati biyu da suka wuce ina dawowa daga Kawo da magariba wani bawan Allah ya shigo titi ban ankara ba na buge shi, ya samu karaya a cinya. Ni na kai shi asibiti kuma har yau ni nake ta biya, yanzu an ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, wallahi kuɗin sun fi ƙarfina. Ina da inshorar nan ta tad fati a cikin fatikulata, wani aboki ya ce ba ta da wani amfani sai nuna wa 'yan sanda. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba shi lafiya, kai ma Allah ya saka maka da ka tsaya ka ɗauke shi ba ka gudu ba.

Abokinka ya yi kuskure, amma ban ga laifinsa ba don haka yawancinmu muka ɗauke ta, takarda ce kawai da ake cusawa a aljihun mota saboda 'yan KASTLEA masu kula da dokokin hanya a jihar Kaduna da 'yan sanda. Alhali tun dokar 1945 da ta wajabta ta, ainihin abin da aka yi ta dominsa kenan, wato in motarka ta ji wa wani ciwo ko ta kashe shi kamfanin inshora ya ɗauki nauyin da doka ta ɗora maka. Ba ta biyan gyaran motarka, ba ta biyan naka ciwon kai direba, na wancan mutumin take biya.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta ƙara kuɗin wannan inshorar daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a biya in ka lalata dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Nan mutane ke rikicewa, suna zaton miliyan 3 ɗin ita ce ƙarshen komai. A'a, wannan na dukiya ne, mota ko shago ko katanga, shi rauni da rasa rai ba a ɗaure su da wannan adadin ba, ana duba abin da aka kashe na magani da irin asarar da mutum ya yi, a daidaita ko kotu ta yanke.

To abu na farko, tun yau ka duba ko takardarka ta gaske ce, don abin da ya fi damuna kenan. Da yawa a hannun yaran da ke tsaye a bakin ofisoshin yin takardu ake saye, su karɓi kuɗi su buga maka takarda mai kyau da tambari alhali babu kamfanin da ya san da zamanka. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, ko ka shiga rumbun NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, in sunanka ya fito to alhamdulillahi. In bai fito ba, gaskiya nauyin na kanka ne.

In ta gaske ce, kar ka ƙara kwana, ka je ofishin kamfanin ka sanar da su a rubuce, sati biyu ma an ɗan makara don suna son a faɗa musu da wuri. Za su nemi rahoton 'yan sanda, da lasin tuƙinka wanda bai ƙare ba, da rahoton likita, da rasit na duk abin da ka biya, har hoton ƙashi da na magani. Nan ne muke cutar kanmu, mu da an yi hatsari sai dattawa su taru a ce ƙaddara ce a yi sulhu, a ɗauke mara lafiya a kai shi wajen mai ɗori, shi kuwa mai ɗori ba rasit ba rahoto, daga baya in ƙafar ta ƙi sai rigima ta dawo sabuwa ba ka da takarda ko ɗaya a hannu. Ban ce kar a yi sulhu ba, sulhu alheri ne, amma kar ka sa hannu a wata yarjejeniya ta cewa za ka biya kaza sai kamfanin ya sani, don sharaɗi ne a takardar, kuma suna iya fakewa da shi su ƙi biya. Ka ci gaba da zuwa dubiya, ka yi wa danginsa bayani su ma su taimaka da takardun, ai amfaninsu ne.

In kamfani ya fara yi maka jeka-ka-dawo bayan ka cika komai, NAICOM na karɓar ƙorafi, ka rubuta musu da lambar takardarka.

Na san wasu za su rubuto su ce ai inshora akwai maganar malamai a kanta. Akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan da ke yin wannan ta tad fati ɗin a tsarin Musulunci, in lokacin sabuntawa ya zo sai ka nemi tasu, ka biya kai tsaye ka karɓi rasit da sunanka.