Garantin da Ba Ya Hawa Jirgin Ruwa

Jiya ka tare ni da tambaya ina kwance ƙarƙashin mota, hannuna duk baƙin mai. Wai an kawo Mercedes 'yar Amurka da takardu biyu a aljihun gaba, ɗaya garantin kamfani, ɗaya kuma an rubuta CPO a samanta, kana son sanin ko haɗa shekarunsu ake yi, da kuma wanne zai biya idan giya ta tashi aiki. Ban tanka maka ba don lokacin aiki ba na surutu ba ne. Da ma ban yi niyyar amsawa ba, tunda ku yaran yanzu kuna tambaya ne ido na kan waya. Amma irin wannan takarda ce ta cinye garejin wani yaro da ya koyi aiki a nan kafin ka zo, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ajiye wayar nan ka saurara.

Ba haɗa su ake yi ba, bin juna suke yi. Na farko shi ne wanda mota ke fitowa da shi sabuwa dal. A Amurka, Mercedes da BMW da Lexus da Porsche duk shekara 4 ko mil 50,000 suke bayarwa, duk wanda ya riga cika. Mil 50,000 kusan kilomita 80,000 ke nan, kada ka kalli agogon motar Amurka ka karanta shi da kilomita, na ga manya sun yi wannan shirmen. CPO kuwa tsohuwar mota ce da ta dawo hannun dilan kamfanin, suka duba ta bisa jerin abubuwan da kamfani ya tsara, suka gyara abin gyarawa, suka ƙara mata garanti na biyu. Wannan na biyun yana zaune ne yana jiran na farko ya ƙare. Mercedes da BMW shekara 1 suke ƙarawa, ba iyakar mil. Lexus da Porsche shekara 2, su ma ba iyakar mil. Mercedes ba ta sa wa mota wannan hatimi sai idan ba ta wuce shekara 6 ba kuma ba ta kai mil 75,000 ba. To in wani ya ce maka Mercedes mai shekara 9 ya sayo ta CPO bara, ka san da wa kake magana.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne ranar da lissafi ya fara. Ba ranar da Alhaji ya saya ba, ba kuma shekarar da ake kiran motar da ita ba. Ranar da aka fara miƙa ta ga mai ita na farko, ko ranar da dila ya fara amfani da ita a matsayin motar gwaji ko wadda ake ara wa kwastoma, daga nan agogo ya tashi. Motar da ake kira 'yar 2021 tana iya fita daga shago a Oktoban 2020, shekara huɗunta ya ƙare a Oktoban 2024. Harafi na goma a lambar shasi shekarar samfuri kawai yake gaya maka, L na 2020, M na 2021, N na 2022. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba watan da aka ƙera ta take nunawa. Duk cikinsu babu mai gaya maka ranar fara aiki. Wannan sai a kwamfutar dila, ko a rahoton tarihin mota irin na Carfax.

Ɗauki Lexus RX da ta fara aiki a Maris 2022, wani ya saye ta CPO a Maris 2024 da mil 30,000. Daga ranar zuwa Maris 2026, ko zuwa mil 50,000, duk abin da ya lalace garantin farko ne ke ɗauka. Na biyu bai ko motsa ba. Bayan nan sai na CPO ya karɓa. Amma Lexus tana da wani na daban a kan inji da giya, shekara 6 ko mil 70,000, wanda ke tafiya tun ranar farko. Saboda haka in giyar ta mutu a 2027 da mil 62,000, takardu biyu ne suka rufe ta lokaci guda. Ba za a biya mai mota sau biyu ba. Dila zai gyara sau ɗaya ya rubuta wa kamfani a ƙarƙashin wadda ta dace. Amfanin ta CPO a nan shi ne abin da ta inji da giya ba ta taɓawa, kamar kwampreson AC da allon gaba da motar gilashi, sai kuma mai yawan tafiya da ya tsallake mil 70,000 kafin shekara 6 ta cika. Mercedes da BMW ba su da wannan doguwar ta inji da giya, komai nasu a shekara 4 ɗin nan yake tsayawa, shi ya sa shekara ɗayar da suke ƙarawa ta fi nauyi a kansu.

Akwai kuma ta uku da dokar Amurka ta tilasta, ta hayaƙi: shekara 8 ko mil 80,000 a kan indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, da ƙwaƙwalwar inji. Ita ba ruwanta da CPO.

Kada kuma ka ɗauka na biyun kwafin na farko ne. Ya fi shi ƙunci. Fatar birki, faifan birki, waifa, batir, ƙwan fitila, gilashi, fatar kujera, ƙarar da daskbod ke yi, duk waje suke. Taya kuwa tun farko mai taya ne ke da garantinta. Idan an taɓa ƙwaƙwalwar inji don ƙara mata gudu, ko babu shaidar juyen mai a kan lokaci, za su iya ƙin biya. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana su soke garanti don kawai an yi sabis a garejin waje ko an sa kayan wani kamfani, sai sun nuna kayan ne suka jawo matsalar. Amma babu rasit, babu magana. Yadda ake ajiye rasit ba zan koya maka ba.

Duk wannan da na faɗa, a Amurka yake aiki. Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da kai.

Yaron nan ya fi ka hannu nesa ba kusa ba. Shekara bakwai ya yi a nan, da kunne yake gane bambancin kukan bearin da kukan taya. Aka yaye shi, ya buɗe nasa wurin, ya sayi na'urar sikanin da injin ɗaga mota da bashi. Farkon 2018 wani mutum ya shigo masa da Mercedes ML 350 baƙa, 'yar 2014, tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga kamfani. Babbar riga, turare, direba, yaro mai riƙe jaka. Matsalar, in an ajiye ta da dare, kafin safiya bayanta ya zauna a kan taya. Mai shokan iska ce, wadda muke kira balan-balan. Mutumin ya zaro takarda mai tambari daga ambulan, ga lambar shasi daidai, ga ranar ƙarewa can ƙarshen 2018. Ya ce, ka ga motar nan tana da garanti, ka sa sababbin kaya na asali, kada ka ji tsoron kuɗi, ka rubuta rasit mu aika Amurka, sati biyu za su turo dala, kai ma ka ƙara naka a kai.

Kalmar dala ita ta kashe masa ido. Bai karɓi ko sisi na kafin alƙalami ba. Ya kira mai kayansa a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, aka ɗoro masa balan-balan biyu na baya, kwampreso, da akwatin bawul, duk bashi, da sunansa. Ya ɗaura, ya yi mata saiti da kwamfuta, mota ta miƙe tsaf. Aikin babu aibi, ni na je na gani. Abin da bai yi ba shi ne tambayar me ya sa motar da ba ta kai shekara biyar ba kwampresonta ke cike da ruwa da tsatsa.

Kwana goma sha biyu aka dawo da ita a kan janwe. Ta sake zama, waifa na tashi da kanta, kujerar direba na tafiya baya ana cikin tuƙi, fitilun daskbod sun kunnu kamar gidan biki. Sai a lokacin ya aiko aka kira ni. Abu na farko, na ce a tura kujerar mai zaman banza gaba a buɗe gidan batir, don a wannan samfurin batir ƙarƙashinta yake. Busasshiyar laka ce kwance a ƙasa, mai laushi kamar garin kunu. Aka ɗaga kafet, soson ƙarƙashinsa na warin rijiya. Aka zare soket uku, duk haƙoransu sun yi kore. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ga layin ruwa a jiki kamar an ja da biro. Kusoshin layin kujera sun yi ja. Minti goma wannan dubawar ta ci, da tocila da sukudireba. Minti goma.

Aka sa lambar shasi a rahoton tarihi. Motar Texas ce. Ambaliyar guguwar Harvey ta Agustan 2017 ta shanye ta a Houston, inshora ta biya mai ita, aka canza mata takarda zuwa salbej, wato motar da inshora ta ce ta tashi daga aiki, aka sayar a gwanjo, aka loda ta a jirgi. Takardar CPO ɗin ba ta bogi ba ce. Ta gaskiya ce, da sunan Baturen da ya saye ta a can, an manta ta a cikin mota. Sai dai ta mutu tun ranar da inshora ta ce motar ta tashi daga aiki. Mutuwa uku ma ta yi. Salbej ya kashe ta, domin kamfani ba ya garantin motar da inshora ta yanke wa hukunci. Gwanjo ya kashe ta, domin inda ma aka yarda garantin CPO ya koma kan mai saye na gaba, daga hannun mutum zuwa hannun mutum ake nufi, tare da cike takarda, ba ta hannun 'yan gwanjo da dillalai ba, wasu kamfanonin ma sam ba su yarda ya koma kan kowa ba. Teku kuma ta ƙarasa ta, domin reshen kamfanin na Amurka ne ya rubuta alkawarin, don motar da ke yawo a can, a gyara ta a wurin dilansu. Ba a taɓa tsara shi don a gyara a Kano ko Abuja a aika rasit ba. Ko a Amurka ba haka ake yi ba. Mota ake kai musu, su duba, su gyara.

Mutumin ya sani. A kusurwar gilashin gaba akwai ragowar rubutun alli na gwanjo da aka kankare da reza, ba a kankare duka ba. Da aka nuna masa, sai ya juya magana, wai lafiya lau ya kawo motarsa, yaro ne ya jagwalgwala mata waya, kuma in bai yi hankali ba zai kwana a caji ofis. Ya ɗauke motarsa da sababbin kayan a jiki. Mai kaya a Legas bai san wannan zance ba, kuɗinsa yake so. Yaron ya sayar da na'urar sikanin, ya sayar da injin ɗaga mota, ya saki shagon. Yanzu yana ɗaure kusoshi a ƙarƙashin wani da bai kai shi sanin aiki ba. Shekara bakwai na zuba a kansa.

To wadda ke gabanka yanzu, ga yadda za ka yi da ita. Karanta lambar shasi a gilashi, a ƙofa, da wadda kwamfuta ta nuna, haruffa 17, su zo ɗaya. Ciro rahoton tarihi kafin ka kwance ko kusa ɗaya, kuɗin a kan mai mota. Nemi kalmar salbej ko ambaliya, ka duba mil ɗin ƙarshe da aka rubuta a can ka gwada da agogon, don mayar da agogo baya ya zama ruwan dare. In ka ga hoton motar a filin gwanjon Copart ko IAA, mafi yawan abin da ke can motocin inshora ne, ka ɗauka babu garanti. In ma tarihinta fes yake, tunda tana nan gabanka a Najeriya, takardun nan biyu amfaninsu ɗaya ne: suna gaya maka cewa a wata rana dila ya taɓa duba ta, wataƙila kuma an riƙa yi mata sabis a kan ƙa'ida. Shaida ce ta tarihi, ba ta biyan kuɗi ba. Garantin da ke aiki a nan shi ne na motar da aka saya sabuwa a hannun wakilin kamfani na ƙasar nan, kuma ita ba za a kawo maka ita ba sai ya ƙare, don can za a kai ta.

Ka gaya wa mai motar wannan a gaban shaida kafin a fara aiki. Kuɗin kaya cif a hannu, rabin kuɗin aiki a hannu, sauran kafin makulli ya bar aljihunka. In ya ce kamfani zai biya, ka ce masa madalla, ya biya ka yanzu, in sun turo ya riƙe. In ya fara ce maka kai ma za ka samu naka a dala, rufe bonet ka miƙa masa makullinsa.

Kuma kafin ka zo min da wata tambaya, je ka ɗaga kafet ɗin motar nan ka shinshina. Tocila na cikin akwatina na biyu, ka mayar min da ita inda ka ɗauka.