Yaya na so mu sayar da gidan gado don a kai Inna ƙasar waje neman magani

Gwaggo, assalamu alaikum. Daga Damagaram nake rubuto miki. Mahaifiyarmu na fama da sankarar mama, likitoci sun ce ciwon ya kai ga ƙashi. An fara mata shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a Yamai, gashinta ya zube, abinci ma sai da lallashi. Kwanan nan wani dillali ya turo wa yayana bidiyo ta WhatsApp, wai akwai asibiti a ƙasar waje da ke haɗa shimiyo da maganin gyaran ƙwayoyin halitta, ciwo ya warke ko ina ya kai. Kuɗin sefa miliyan 15, a ba da rabi tun yanzu, kuma a dakatar da maganin Yamai kafin tafiya. Yaya ya ce mu sayar da gidan da Baba ya bari a Birni. Da na ce a bincika tukuna, sai ya ce na fi son gini da uwata. Maganar nan ta hana ni barci. Maganin nan gaskiya ne? In na ƙi sa hannu, na yi wa Inna butulci?

Ɗanki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ce. Ba ka yi butulci ba. Yayanka ma tsoro ne ke magana a bakinsa, kada ka riƙe shi a zuci.

Maganin gyaran ƙwayoyin halitta akwai shi. Ana ɗaukar ƙwayar bairos da aka kashe wa kaifi, a ɗora mata wani umarni na halitta, ta kai shi cikin ƙwayoyin jiki. Ƙasar Sin ta amince da Gendicine a 2003 don sankarar kai da wuya. Amurka ta amince da Imlygic a 2015 don wata sankarar fata, ana yin allurarsa cikin ƙarin kansa. A 2017 aka amince da Kymriah: a ɗebi jinin majinyaci, a ware sojojin garkuwar jikinsa, a gyara su yadda za su gane ciwon, a yi masa gajeren shimiyo, sannan a mayar masa da su. Wannan na sankarar jini ne, kuma ya fito a kan dalar Amurka 475,000, abin da ya haura sefa miliyan 250. Indiya ta fitar da nata mai rahusa a 2023, shi ma na jini ne.

A cikinsu duka babu wanda aka amince da shi don sankarar mama. A wannan ciwon har yanzu gwaji ake yi. Haɗa magunguna biyu kuma ba ya nufin nasara ta ninka: an yi babban gwaji da ya haɗa Imlygic da pembrolizumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, amma haɗin bai nuna ya ƙara wa majinyata kwana fiye da pembrolizumab shi kaɗai ba. A gwajin gaskiya likita ke aika takardun majinyaci, masu bincike su duba ko ya dace, kuma galibi ba a sayar masa da maganin da ake gwadawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a dakatar da maganin Yamai. Mutumin da bai ga takardun Inna ba, bai taɓa jikinta ba, ya yi alkawarin warkewa, ya nemi rabin kuɗi a gaba, wannan kuɗinku yake kallo. Ko dala kada ku tura.

Ka ɗauki yayanka ku shiga wurin likitan Inna tare, ku nuna masa bidiyon, ya ji amsa da kunnensa. Ku tambayi abin da gwajin tsokar da aka yanka ya nuna, domin sankarar mama iri-iri ce. In irin da sinadaran jikin mace ke ciyarwa ce, akwai ƙwayoyin haɗiya kamar tamoxifen ko letrozole, kuɗinsu bai kama ƙafar na dillalin ba. In mai HER2 ce, wato wani sinadari da ke sa ƙwayoyin ciwon saurin yaɗuwa, akwai maganin trastuzumab. Don zafin ƙashi, gasa wurin ciwon da hasken na'ura yana sauƙaƙawa sosai, kuma tun 2021 ake yin sa a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai. In ciwo ya tsananta ku nemi morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ba abin kunya ba ne, ba kuma sallama ba ce.

Ba zan ɓoye maka ba, sankarar da ta kai ƙashi danne ta ake yi, da wuya a tumɓuke ta. Amma akwai matan da ke yin shekaru da ita suna cikin iyalinsu, matuƙar magani bai yanke ba. Hakan na bukatar kuɗin mota tsakanin Damagaram da Yamai, masauki, gwaje-gwaje da abinci mai gina jiki, wata bayan wata. In ma sayar da wani abu ya zama dole, to don wannan za a sayar.

A wasiƙarka ban ji ta bakin Inna ba. Jikinta ne, kuma tana da tumuninta a gidan nan, ƴan uwanku mata in akwai su ma suna da kaso. Ku zauna da ita, da kawunku ko wani dattijo da yayanka ke jin nauyinsa, ku faɗa mata abin da likita ya ce, ku tambaye ta abin da take so kafin kowa ya sa hannu a takarda.