Hajiya Ta Zame a Taɓon Bakin Titi Ta Karye: Wa Zai Biya?

Tambaya: Barista, mahaifiyata ce ta taso daga kasuwa a nan Kano da yamma, bayan an ɗauke ruwa. Wani mai shago ya sa yara sun yashe kwatar gaban shagonsa tun ranar tsaftar muhalli, suka jibge dagwalon a gefen titi inda mutane ke bi, ba a kwashe ba har ruwan sama ya baje shi. Nan santsi ya kwashe ta, ta karye a tsintsiyar hannu. Mun fara kai ta wajen mai ɗori, da abin ya ƙi muka tafi Asibitin Ƙashi na Dala. Yau wata biyu ke nan. Mai shagon ya ce titi na gwamnati ne, ba ruwansa. Ni dai na san dole gwamnati ta biya mu diyya tunda hanyarta ce. Ina so in kai mai shagon wajen 'yan sanda, in kuma maka gwamnati a kotu. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da zan faɗa ya dogara ne kacokan a kan labarin da ka bayar, ban ga wurin ba, ban kuma ji ta bakin mai shagon ba. Ka kuma sani tun yanzu cewa ƙarar ba taka ba ce. Hajiya ce ta ji rauni, da sunanta za a shigar, kai sai dai ka tsaya mata, ka ba da shaidar kuɗin da aka kashe.

Ka ce ka san dole gwamnati ta biya tunda hanyarta ce. A nan ne nake so ka ɗan sassauta. Faɗuwa a kan titin gwamnati, ita kaɗai, ba ta haifar da haƙƙin diyya. Kotu ba ta tsaya a kan mai titi ba, tana neman wanda nauyin kiyayewa ya rataya a wuyansa, ya yi sakaci, sakacin nan kuma shi ne musabbabin raunin. In da ruwan sama ne kawai ya kwaso taɓo ya zube a hanya, kamar yadda yake yi a kowace unguwa a watan Agusta, da sai in ce maka ka haƙura, da wuya a sami wanda za a kama.

Ita kanta "gwamnati" ba mutum ɗaya ba ce. Akwai titin tarayya da hukumar gyaran tituna ta FERMA ke gyarawa, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gini da kula da tituna da magudanan ruwa da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a cikin birni sau da yawa hukumomin jiha ne ke riƙe da aikin. In ka kai ƙarar wadda ba ita ce mai alhaki ba, alƙali zai kori ƙarar tun kafin a zo maganar hannun Hajiya.

Ko ka dace da hukumar, lauyanta yana da wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga dokar Ingila: hukumar hanya tana ɗaukar alhakin aikin da ta yi ta ɓata, kamar ta haƙa rami ta bar shi a buɗe, amma ba ta ɗaukar alhakin gyaran da ta ƙi yi. Su Turawan sun soke ƙa'idar da dokar da suka yi a 1961, sai dai dokokin Ingila da muka gada sun tsaya ne a ranar 1 ga Janairun 1900, don haka ka sa ran za a ɗaga maka ita. Ban ce lallai za ta yi nasara ba, lauya mai himma zai iya jayayya da ita, musamman in dokar da ta kafa hukumar ta ɗora mata wajibi ƙarara. Amma jayayya ce doguwa, kai ne kuma za ka biya kuɗinta.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, a sashe na 2, ta ba da wata uku kacal daga ranar da abin ya faru a shigar da ƙara, jihohi da dama ma suna da irinta. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da harkokin shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya ga ma'aikaci shi kaɗai ba, ta haɗa da hukumomi. Akwai togaciya in cutarwar tana ci gaba, amma kotuna sun fi fassara wannan da ci gaban aikin da ya jawo cutar. Hannu da yake ciwo har yau bai isa ya tsayar da ƙirgen ba. Ƙari a kan haka, dokokin hukumomi da yawa suna wajabta a ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu. Ka ce wata biyu sun wuce. Ka yi lissafin da kanka. In har kun ƙudura sai an haɗa da hukuma, wannan makon ya kamata lauya ya duba dokar da ta shafe ta ya rubuta takardar. Kuma ko an ci shari'ar, karɓo kuɗin wani aiki ne daban, domin sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Ana ta muhawara a kan sashen a kotuna, amma ba Hajiya ce ya dace ta zama zakaran gwajin dafi ba.

Mai shagon da yake cewa ba ruwansa, a ganina, shi ya fi kowa kusa da ruwan. Gaskiya ne gefen titi ba harabarsa ba ce, kuma kasancewar mutum ya faɗi a ƙofar shagonka bai sa ka zama mai laifi ba. Amma ba a kan wannan ake tuhumarsa ba. Shi ya sa aka fito da baƙin dagwalon kwata, mai haɗe da leda da ruɓaɓɓen bawo, aka tula shi a inda tsofaffi da 'yan makaranta ke takawa, a tsakiyar damina, ya kuma riƙa buɗe shago kullum yana kallonsa. Wanda ya sa abin cutarwa a hanyar jama'a, wani ya ji rauni na musamman a dalilinsa, ana iya ƙararsa kai tsaye, ta fuskar sakaci ko ta fuskar cutar da jama'a. Tun 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, Kotun Ƙoli ta tabbatar mutum ba ya buƙatar izinin Antoni Janar kafin ya yi irin wannan ƙara. Cewa yara ne suka yi aikin da wuya ya fisshe shi, tunda shi ya sa su. Wa'adin wata uku kuma bai shafe shi ba.

Sai dai kada ka ɗauka an gama. Zai ce gwamnati ce ta umarci kowa ya yashe kwatarsa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, motar shara ce ba ta zo ba. Wannan hujja tana da ɗan nauyi, kuma yawan kwanakin da tarin ya yi zai yi tasiri: kwana ɗaya daban, mako biyu daban. Zai kuma ce Hajiya ta ga taɓon da idonta ta taka. Za a tambayi ko da sauran haske, ko akwai inda za ta raɓa ta wuce, har irin takalmin da ke ƙafarta, silifas ne ko mai gindin roba. In kotu ta ga da nata sakacin, ba za ta hana ta diyya gaba ɗaya ba, za ta rage gwargwadon kasonta. Maganar mai ɗori ma za ta taso. Ba na kushe ɗorin gida, amma in likita ya rubuta cewa ɗaurin farko ne ya karkatar da ƙashin, mai shagon zai ce wannan ɓangaren ba nasa ba ne, kuma mai ɗori ba ya ba da rasit. Kuɗin da aka kashe sai an kawo shaidar kowace naira. Na raɗaɗi da wahala kuwa alƙali ne ke ƙiyastawa, kuma yawanci ba ya kai abin da mutane ke hasashe.

In Kotun Shari'ar Musulunci kuka nufa, asalin ba ya da nisa da wannan. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya ce wanda ya yi abin da bai halatta gare shi ba a kan hanyar Musulmi, kamar haƙa rijiya, shi ke da lamunin abin da ya samu wani a dalilinsa. Amma a littafin dai ya ce ƙashin da ya karye bisa kuskure, ya warke ya koma yadda yake, babu diyya a kansa, sai in ya bar naƙasa, sannan a ƙiyasta gwargwadonta. Ke nan a can ma sai an jira hannun ya warke an ga yadda ya tsaya, kuma kalmar diyya da kake ambato ba lallai ta zo da ma'anar da kake nufi ba.

'Yan sanda kuwa, ka bar su. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin neman haƙƙi zalla, wanda ba na aikata laifi ba. Akwai laifin tare hanya da na sakaci a kundin hukunta laifuka, ba na musu, amma ko an ci shi tara, asusun gwamnati za ta shiga, ba hannun Hajiya ba. Abin da za ka samu kawai shi ne mutumin da ya kwana a caji ofis ya fito ya rantse ba zai biya ko sisi ba.

Shawarata, ku tattara katin asibiti da hoton ƙashi da rasitai, ku nemi likita ya rubuta rahoto, ku sami mutum biyu da suka ga faɗuwar ko suka ga lokacin da ake tula dagwalon, da hoton wurin in wani ya ɗauka. Lauya ya rubuta wa mai shagon takarda mai ladabi, da adadin da aka kashe da wanda likita ya ce za a kashe nan gaba. Daga nan a zauna, ko gaban mai unguwa da shugabannin 'yan kasuwar layin, ko a Hisbah, ko a cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano, inda za a iya mai da yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu. Mutumin da ya ce ba ruwansa a bakin shago yakan sauya harshe in ya ga rasitai a gaban dattawan da yake jin nauyi. In ya ɗauki kuɗin magani da na gashin ƙashi, ko da kashi-kashi ne, ni zan ce ku karɓa. Amma kada Hajiya ta sa hannu a takardar da ta ce ta yafe duk wata magana ta gaba kafin likitan Dala ya faɗi ko hannun zai koma daidai, kuma kowace biya a rubuta ranarta da adadinta a gaban shaidu.