Amsa ga Baffa: wai kantunan Amurka sun daina sayar da bindiga?

Assalamu alaikum Baffa, ya iyali, ya kuma haƙuri da halin da ake ciki. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji a rediyo manyan kantunan Amurka sun daina sayar da bindiga, kana tambaya ko ta yi wuyar samu ke nan, da kuma yadda mu Hausawan nan muke yi. Labarin yana da tushe, sai dai rabinsa aka ba ku.

Kantin da ake nufi shi ne Walmart, wanda yake da rassa sama da dubu huɗu a ƙasar, inda mutum zai sayi shinkafa da tayar mota da maganin mura a wuri ɗaya. A hankali ya riƙa janye hannu. Tun 1993 ya daina sayar da ƙaramar bindiga ta hannu, in ban da jihar Alaska. A 2015 ya daina sayar da AR-15, wata doguwar bindiga mai kama da ta soja, da danginta. A 2018, bayan kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Fulorida, ya ce sai mai shekara 21 zai sayar wa bindiga ko harsashi. A watan Agustan 2019 wani ya buɗe wuta a reshensa na El Paso, mutum 23 suka rasu, sai kamfanin ya daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga da harsasai irin su .223 da 5.56 da ake sa wa AR-15, ya kuma rufe cinikin na Alaska. Har yanzu rassa da yawa suna sayar da bindigar farauta da harsashinta. Dick's Sporting Goods, masu kayan wasanni, sun fi yin nisa: sun cire sashen farauta daga rassa 125 a 2019, suka sanar da ƙarin 440 a shekarar da ta biyo. Fred Meyer kuwa, wani babban kantin, tun 2018 ya bar harkar gaba ɗaya.

Babu dokar da ta tilasta musu. Lissafin ɗan kasuwa ne. Ribar bindiga ba ta taka kara ta karya ba, ga takardun da dole a adana, ga ma'aikacin da sai an horar da shi, ga sunan kamfani da zai ɓaci ranar da aka yi ɓarna da abin da ya sayar. Kuma a 2019 Walmart da bakinsa ya ce rabonsa a kasuwar bindiga a lokacin wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai, a harsashi ne yake da kusan kashi 20. Saboda haka bindiga ba ta yi wuyar samu ba. Ciniki ne ya koma inda dama ya fi yawa, wato shagunan bindiga na unguwa, da masu karɓar jingina, da kantunan mafarauta irin su Bass Pro Shops da Cabela's.

Ko a kanti ko a shago, dokar tarayya ɗaya ce. Mai sayarwa sai yana da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Mai saye zai miƙa katin shaida na gwamnati mai hoto, yawanci lasisin tuƙi, sannan ya cike fom mai lamba 4473. A ciki za a tambaye shi ko an taɓa yanke masa hukunci kan babban laifi, ko kan dukan iyali, ko yana ta'ammali da kayan maye (har da wiwi, ko da jiharsa ta halatta ta), da kuma matsayin zamansa a ƙasar. Mai shago zai tura bayanan ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda ya fara aiki a 1998. Wasu jihohin ofishinsu ne yake yin binciken. Amsa uku ce: a ba shi, a dakata, ko a hana. Mafi yawa cikin 'yan mintoci ake gamawa. Doguwar bindiga shekara 18 tarayya ta gindaya, ƙarama 21, kuma ƙarama sai a jihar da mutum yake zaune za a miƙa masa ita.

A wajen "a dakata" ne mutanenmu suka fi shan wahala. Muhammad Abubakar nawa ne a cikin kwamfutar gwamnati? Ga mu da jera suna yadda muka ga dama, fasfo ya fara da sunan mahaifi, lasisin tuƙi ya fara da na yanka, wani katin Mohammed, wani Muhammad. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma sai an ƙara bincika shi a wurin hukumar shige da fice. Rubuta lambar soshiyal, wato lambar shaida da gwamnati ke bai wa mutum don aiki da haraji, a fom ba dole ba ne, amma tana rage ruɗani sosai. Wanda ake yawan dakatar da shi yana iya neman wata lamba ta musamman daga FBI da ake kira UPIN, ya riƙa sa ta duk lokacin da zai saya. Wani abin da ke ɓata ciniki shi ne adireshi: ka tashi daga gida ba ka sabunta lasisi ba, to sai ka kawo wata takardar gwamnati, kamar rajistar mota, mai ɗauke da sabon gidan. In kwana uku na aiki suka wuce babu amsa, tarayya ta yarje wa mai shago ya miƙa bindigar in ya so. Walmart ba ya yin haka, sai ya ga amincewa ƙarara. Kuma bincike ɗaya kwana 30 yake aiki, in ya wuce sai a sake daga farko.

Yanzu ga bambancin wuraren biyu. A babban kanti za ka tarar da bindigogi a kulle cikin akwatin gilashi a can bayan sashen ƙugiyar kamun kifi, ka tsaya ana neman mai makulli, wanda ƙila jiya a sashen fenti yake. Sai manaja ya zo ya duba fom, a rassa da yawa ma shi zai ɗauki kwalin ya raka ka har ƙofa. Akwai araha, gaskiya, bindigar farauta ta talaka tana kamawa daga dala 200 zuwa 400. Amma in ka fita ka fita, ba a mayarwa, in ta ba da matsala sai dai ka nemi kamfanin da ya ƙera ta.

A shagon unguwa kuwa, mai shagon zai fara tambayarka me za ka yi da ita. Zai buɗe ta ya nuna maka babu harsashi kafin ya miƙo, ya sa ka ɗora a kafaɗa ya duba ko gindinta ya yi maka tsawo. Yawancinsu suna da maƙeri ko sun san inda yake, suna karɓar tsohuwa a yi musaya, wasu suna da wurin gwajin harbi da ajin koyarwa. In ka saya ta intanet ma, ba a kawo maka gida, sai an aiko ta irin wannan shagon, ka cike fom ɗin nan, ka biya la'ada wajen dala 25 zuwa 50. Kuɗinsu ya ɗan fi na kanti, amma ga wanda bai tashi da bindiga a gida ba, ni a ganina ƙarin ya cancanta. Ɗauki maganar harsashi kaɗai. In aka jefa harsashi mai lamba 20 cikin bindiga mai lamba 12, zai zame ya maƙale a cikin bututun, mutum ya ɗauka babu komai ya ƙara na 12 a bayansa, yana taɓa kunama bututun ya fashe a hannunsa. Haka nan harsashi mai tsawon inci 3 a bindigar da aka ƙera don inci 2¾. Duk a rubuce suke a jikin bututun, amma sai wani ya nuna maka wurin. Ba zan ɓoye maka ba, akwai shagon da baƙo mai hula da gemu zai shiga ya ga fuska ba walwala, kuma doka ta bar wa mai shago ya ƙi ciniki in hankalinsa bai kwanta ba. Shi ya sa ake tambayar 'yan'uwa a masallaci wane shago ne na mutunci.

Game da mu, Baffa, mafi yawanmu ba mu ajiye bindiga. Dalili na farko takarda. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saya. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki ko wani togaciya makamancin haka. Wanda ba shi da takarda, ko harsashi ɗaya aka kama shi da shi babban laifi ne. Kuma laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu, ko da yana da katin dindindin. Na biyu wurin zama. 'Yan'uwanmu na Bronx, mutanen zangon Ghana da na Nijar, suna birnin Niyok, inda ko bindigar farauta sai da izinin 'yan sanda, ana kuma shafe watanni ana jira. A Ilinoi sai da kati na musamman da jiran awa 72, a Kalifoniya kwana 10. Waɗanda ke biranen Houston ko Greensboro su ne abin ya fi yi wa sauƙi, kuma a cikinsu ne za ka sami masu shaguna da masu fita farautar barewa da kaka. Na uku yara. Fiye da rabin masu mutuwa ta bindiga a Amurka kansu suke kashewa, ga kuma ƙananan yara da ke tsintar ta a ƙarƙashin katifa. Wanda ya saya a cikinmu, akwatin ƙarfe mai makulli ake fara ce masa ya nema, harsashi kuma a ajiye shi daban.

Akwai al'adarmu guda da take jefa mutum kurkuku a nan, wato aike. A gida ba komai ba ne ka ce wa ƙaninka ungo kuɗi ka sayo mini. Tambayar farko a jerin tambayoyin fom ɗin ita ce ko kai ne ainihin mai sayen. Wani tsohon ɗan sanda mai suna Abramski ya saya wa kawunsa ƙaramar bindiga don ya sama masa ragi, kawun kuma ba wanda doka ta hana ba ne, amma a 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa. Daga 2022 saya wa wanda aka haramta wa bindiga yana iya kai mutum shekara 15 a gidan yari. Kyauta ta gaskiya, da kuɗinka, ga wanda ya cancanta, tarayya ba ta hana ba, amma wasu jihohin sai an bi ta hannun mai lasisi.

Na fahimci abin da ke ƙarƙashin tambayarka, kuma wallahi halin da ƙauyukanmu suke ciki yana hana mu barci. Amma sa bindiga ko harsashi cikin duro ko motar da za a aiko gida, wannan kada a nemi kowa ya yi. Fitar da su daga Amurka sai da lasisin ma'aikatar kasuwanci, in babu shi fasa-ƙwauri ne, mai aikowa da mai karɓa duk sun shiga uku. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta raba izini gida uku: manyan makamai a hannun shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani a hannun sufeto janar na 'yan sanda, bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Rasit ɗin shagon Amurka ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. A gaida Inna da yara, Allah ya kawo mana zaman lafiya.